Kujera Biyu a Gangaren Kara

Kun sha jin mutanen Misfala, unguwarmu ta nan Makka, suna cewa marigayi Bakur ne ya sace mini yayanku. Wasu kuma su ce a'a, ni na kore shi daga wajen aiki da baƙin halina. Kwanaki har na ji autarku tana ba 'ya'yanta labari wai a kan maganar aure aka saɓa. Ko ɗaya ba haka aka yi ba. Bakin mutane ba ya gajiya, ni kuma la'asar ta yi mini, kuma an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da yake wannan ba mai daɗi ba ce. A kan famfon birki ne, wani guntun ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannuna ba.

Shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar Ɗa'ifa ta kan dutsen Kara, ko wadda ta biyo bayanta, warshata tana can ƙarshen Misfala, bayan masu sayar da gawayi. In na ce warsha kada ku ɗauka irin garejin yanzu ne. Rumfar kwano ce, da rami ɗaya da muka haƙa da hannunmu, da randar ruwa a gefe. Amma kowa ya san Mu'allim Garba. Motocin alhazai, manyan lororin Madina, tasi-tasin Jidda, duk wanda birkinsa ya yi masa gardama wajena ake turo shi. A Sudan na koyi aikin, a garin Madani, ƙarƙashin motocin auduga, lokacin da guzurinmu ya ƙare a hanyar hajji muka tsaya neman na gaba. Can aka haifi yayanku, shi ya sa har gobe ake ce masa Madani. Ni dai ban taɓa kiran sa da wannan ba, balle sunansa na yanka. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Ku da aka haifa a nan kuna yi wa abin dariya, amma mu haka muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a dafa kafaɗarsa a gaban mutane. Kai nake ce masa. Kai, miƙo sifana. Kai, riƙe nan. In ya yi aikin da ya burge ni sai in juya in ci gaba da abin da nake yi, shi ke nan yabon. Alhali kuwa tun kafin gemu ya fito masa hannunsa ya fi nawa sanin ƙarfe, ni kuma na sani.

Bakur haifaffen Makka ne, kakanninsa Katsinawa, amma Hausar tasa rabi Larabci ce. Yana da kantin kayan mota a Rusaifa, a baya kuma da injin da ke sassaƙa ƙarfe. Yana da takardar ƙasa, yana da fanka a rufi, yana da tumbi, yana karanta rubutun Nasara da ke jikin kwali. Ɗa ne kawai ba shi da shi, Allah bai ba shi haihuwa ba. Ni da kaina na fara aiken yayanku wajensa sayo kaya, ka ji mai kai kansa mahauta. Aiken da ya kamata a dawo kafin shayi ya huce sai ya koma daga hantsi har azahar. Ya dawo da Ammi Bakur ya ce kaza, Ammi Bakur ya ce kaza, wai baffansa, ban san ta wane tsatso ba. Sai ga wani ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu a aljihunsa, kyautar Bakur, komai ya gani sai ya auna, har kofin shayi. Sai ga hula sabuwa, matar Bakur ce ta saka masa. Rannan na ce bari in je da ƙafata in ga abin da ake rabawa a Rusaifar nan. Na tarar Bakur ya tsaya a bayansa gaban injin, ya ɗora hannunsa a kan nasa yana nuna masa yadda ake juyawa, yana cewa aiwa, ya waladi, haka. Ɗana, ke nan fa, a gaban idona. Yaron kuma yana wani murmushi da ban taɓa gani a rumfata ba. Na sayi abin da ya kai ni na fito, shayin da aka zuba mini ko kurɓa ban yi ba.

Innarku ce ta fara ganewa. Na zauna cin abinci ina ta tsaki ba dalili, na ce tuwon ya yi ruwa, na ce miyar ba gishiri. Ta dube ni ta ce:

"Malam, an ce kishi kumallon mata, ashe har masu gemu yana kamawa. Bawan Allahn nan me ya ci maka?"

Na ce ba abin da ya ci mini, kawai ba na son a lalata mini yaro da zaman kanti da shan fanka. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta tana 'yar dariyar nan tata da kuka sani. Ita ma ba ta kiran sunansa, amma ita uwa ce, tana da hanyoyinta. Ta ajiye masa ƙashin da ya fi ɓargo, ta wanke masa riga ta turara. Ni ba ni da komai sai sifana da tsawa.

Ana cikin haka, gab da shigowar zafi, aka turo mana motar. Turowa fa, samari ne suka turo ta tun daga Tandabawi, rabin unguwa na biye. 'Yar ƙaramar mota ce ta Ingila, koriya shar, ba rufi, ga dogon hanci, ƙafafunta da wayoyi irin na keke, a ƙasa take har kana zaune za ka iya shafa titi. Kujera biyu gare ta, ta direba da ta mutum ɗaya. Ko a lokacin ta kwana biyu a duniya. Wani Banasare ne da ya gama aikinsa a Jidda ya sayar wa Sidi Hamza, ɗan wani babban muɗawwifi mai jagorancin alhazai, siririn saurayi mai ɗingishi tun ciwon yarinta. Ya ce ya taka birki a gangaren Jiyad ƙafarsa ta tafi har ƙasa, buhunan wani mai shinkafa ne suka tare shi. Mahaifinsa ya rantse ba zai ƙara shigarta ba sai an gyara, an kuma gwada ta a dutsen Kara, don Ɗa'ifa gidansu ke komawa duk bazara gudun zafin Makka. Ni irin motocin nan na 'ya'yan masu hali ba sa burge ni, motar da ba za ta ɗauki buhun gero ba ina amfaninta. Amma yayanku tunda ya ɗora ido a kanta ya manta da abinci. Ya zagaya, ya shafa, ya leƙa ƙasa. Sai na ji sanyi a raina, na ce ga aikin da zai zaunar da shi a warsha, mu biyu, ba Rusaifa ba Bakur.

Muka kwance famfon birkin. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ƙarƙashin mota ba a cikinku, shi ne 'yar tukunyar ƙarfen da ke bayan abin takawa, mutanen nan suna ce masa ilba. In direba ya taka, wani guntun sandan ƙarfe a cikinsa ke tura mai ta bututu zuwa ƙafafu huɗu, su kama. In ya mutu, duk sun mutu tare. Na zura ɗan yatsana a raminsa na ji tsatsa ta cinye shi, duk ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Sabuwar roba ba za ta yi komai a nan ba, nan da nan za ta yage. Sai dai a sake shi ɗungurungum. Sidi Hamza ya tambaya a Jidda, aka ce irinsa na asali sai an aika ƙasar waje jirgin ruwa ya kawo, kafin nan zafi ya wuce. Saboda haka zaɓi ya dawo hannuna.

Ni hanyata ɗaya ce, tashlih, filin nan na bayan gari inda ake zubar da matattun motoci. Na yi ta yawo cikin rana ina ɗaga murafu, kunamu na gudu, har na faɗa kan wata tsohuwar motar Ingila mai ƙofa huɗu da ta yi karo a hanyar Jidda. Gabanta ya tafi, amma famfonta yana nan lafiya lau. Na cire shi na goge ramin, na zura sandan tsohon a ciki, ya shige sumul, ba matsi ba sako-sako. Faɗinsu ɗaya, wurin ƙusarsu ɗaya, baƙin ƙarfe ne mai nauyi, da gani 'yan gida ɗaya ne. Na naɗe shi a tsumma na taho ina jin kaina, ina cewa yau yaron nan zai ga yadda ake zaɓen kaya da yatsa.

Na iso na tarar da kwali a kan teburin aiki. Sabo fil, da rubutun Nasara a jiki, ciki kuma famfo ne na farin ƙarfen nan mara nauyi, yana ta ƙyalli. Yayanku na tsaye a gefe yana goge hannun da ba datti.

"Ammi Bakur ne ya bayar, Baba. Ya ce a duba."

Ashe ranar da muka kwance tsohon, kafin in tashi daga ƙailula, ya kai shi Rusaifa sun auna. Na ɗauki na kwalin na jujjuya. Ba na motar ba ne, na wata ce daban. Raminsa ya ɗan fi na tsohon ƙanƙanta, sandan turawarsa bai kai ba sai an ƙera wani, kuma sai an yi masa mazauni. Na ce masa ramin da ya fi ƙanƙanta, ƙafa za ta nutse da nisa kafin ya kama, direba ya firgita a gangara ya ɗauka birki ya tafi. Ya ce, kansa a ƙasa, haka ne, amma in ya kama ya fi kamawa da ɗan ƙarfi kaɗan, Sidi Hamza kuwa ƙafarsa ta dama ba ƙarfi gare ta ba. Ya ce nawa kuma, da izinina, ya daɗe a rana da ƙura, ba wanda ya san abin da karon ya yi masa a ciki, tsaga ba ta jiyuwa da yatsa. Na ce sabon ma ba wanda ya san halinsa, yau aka fara ganin irinsa a Makka, nawa kuwa ya yi shekaru yana tsayar da mota. Duk maganar da ya faɗa tana da kai, tawa ma tana da kai, har gobe ban sauka daga kanta ba. Gardamar ba ta dame ni ba, da ma ina son yaro mai gardamar aiki. Abin da ya ƙona mini rai, kalmomin da ke fita daga bakinsa na Bakur ne, har yadda yake ɗaga yatsa in zai ce shuf, wato duba. Da yamma Sidi Hamza ya zo, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce shi bai san komai ba, mu ne mu'allimai, wanda muka zaɓa shi ke nan.

To, akwai dokar da na zo da ita daga Madani. A wajen maigidana, in ka gyara birkin lori ba a sallamar ka da fatar baki. Gaba za ka shiga kusa da direba, ka bi shi tafiyarsa ta farko da lodi, komai nisa. In mutum biyu suka yi gardama a kan kaya, wanda aka ɗaura nasa shi ke shiga. Doka ce mai kyau, ba ta barin mutum ya yi caca da ran wani yana kwance a gida, kuma da ita nake aiki tun ranar da na kafa rumfa, direbobin Madina shaida ne. A gaban Sidi Hamza da duk masu zaman warsha na ce wa yayanku:

"Kai, je ka gaya wa Bakur. Kai za ka tuƙa, kujera ɗaya ta rage. In ya tsaya wa kayansa, ya zo ya zauna a kanta ku sauko Kara tare, sai a ɗaura nasa. In ba zai iya ba, a mayar masa da kwalinsa."

Na faɗi haka ne don na san Bakur. Mutumin da ko tsani ba ya hawa, in zai ɗauko kaya a saman kanta sai ya kira maƙwabci. Duk Rusaifa an san tunda aka buɗe hanyar Kara bai taɓa bin ta ba, in zai je Ɗa'ifa ta tsohuwar hanya yake zagayawa, yana cewa Allah bai halicce shi akuya ba. Na riga na gama lissafina: zai aiko da uzuri, a ɗaura nawa, ni in zauna a kujerar. Kuma bari in gaya muku abin da ko innarku ban gaya wa ba. Tafiyar nake kwaɗayi. Ni da shi kaɗai, ba direbobi ba 'yan zaman gulma, mu hau inda iska ke da sanyi, mu tsaya mu sha shayi a bakin dutse. Na ce wataƙila a can sama, inda ba idon Bahaushe, bakina zai buɗe in gaya masa hannunsa ya yi.

Washegari da hantsi sai ga tasi ta tsaya a bakin warsha. Bakur ya fito da farar rigarsa tas, carbi a hannu, yana tsallake baƙin man da ya zuba a ƙasa. Bai taɓa taka rumfata ba sai ranar. Ya gaishe ni da ladabi, Mu'allim Garba sama Mu'allim Garba ƙasa, ya ajiye sandan turawar da ya ƙera da mazaunin, ya ce saƙona ya iso. Goshinsa duk gumi, kuma ba na zafi ba ne.

"Wallahi ya Mu'allim, ina tsoron dutsen nan kamar mutuwata. Famfon ma ban ce ya fi naka ba, Allah ne masani. Amma hannun yaron nan na yarda da shi. In shi ya ɗaura, shi zai tuƙa, ko ina ne zan zauna."

 Direbobi suka gyaɗa kai, wani ya ce masha Allah. Ban dubi yayanku ba, amma na ji yadda numfashinsa ya sauya. Maganar da na yi shekaru ina taunawa, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa, ga wani ƙato ya zo har cikin rumfata ya faɗe ta a sauƙaƙe kamar mai tambayar farashin albasa. Da ana mutuwa don baƙin ciki, da ranar aka kai ni maƙabartar Ma'ala.

Labari ya riga ni isa gida. Wannan karon innarku ba ta yi dariya ba. Ta ce in so nake in shiga, in fito fili in ce ɗana ne, ba zai sauko dutse ba ni ba, wa zai ga laifin uba. Ta ce Bakur da kansa zai fi kowa murna in aka ɗauke masa. Gaskiya ta faɗa. Amma magana zarar bunu ce, kuma na yi ta a gaban mutanen da suka san ni da dokar nan shekara da shekaru. In na karya ta yau don ta juyo kaina, gobe da wane baki zan ce wa wani ya shiga gaba? Na ce mata a'a. Ta tattara kwanukanta ta ce:

"To, sai ka riƙe dokarka, shi kuma ya riƙe ɗanka."

Yayanku ya ɗaura famfon shi kaɗai, ina zaune a kan gwangwani ina neman kuskure, ban samu ba. Da aka zo fitar da iska daga bututu, wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya ya zauna yana taka birki, ɗaya ya kwanta a ƙasa yana buɗe 'yar ƙusar da mai ke fita. Kullum ni ke ƙasa ina ba da umarni. Ranar shi ya shige bai tambaye ni ba, ni na cusa kaina a kujerar direba, gwiwoyina har haɓa. Muryarsa na fitowa daga ƙarƙashina: taka, Baba, riƙe, saki. Ina bi. Muka gama wannan ƙafa muka koma waccan, har abin takawar ya fara tauri. Ya nutse da ɗan nisa, yadda na faɗa. Da ya kama kuwa ya kama, yadda shi ya faɗa. Tafin ƙafata ya gaya mini aikin ya yi tun ba a kai dutse ba. Na fito na ce a rufe, na tafi alwala.

Ranar gwaji muka fita da sassafe, su a 'yar motar, ni da Sidi Hamza a akori-kurar wani direba. Muka wuce Arfa, muka bi kwari har gindin dutsen, inda akwai wata gahawa, rumfar shan shayi mai dogayen kujerun igiya. Nan za mu jira. Bakur ya cika kujerarsa har ya zubo, ya ɗaure ƙyallen kansa a haɓa, hannu ɗaya ya damƙe ƙofa, ɗaya carbi. Yayanku ya dube ni kafin ya tayar. Na ce masa ya riƙa saukowa da ƙaramin giya, kada ya dogara da birki. Suka hau. Ina hango ɗan koren yana shiga kwana yana fita, yana ƙara ƙanƙancewa, har dutse ya rufe shi.

Ban san yini mai tsawon wannan ba. Mai gahawa ya kawo shayi ya huce, ya sake kawowa ya huce. Sidi Hamza yana ta zuba mini labarin motarsa, ina ce masa aiwa ban san me yake faɗa ba. Duk lorin da ya sauko yana warin birki sai in miƙe in tambayi direban ko ya ga wata 'yar koriya. Wani ya ce ya gan su a sama lafiya, suna zaune gindin bishiya suna shan lemo, ƙaton yana ɓare wa saurayin. Yana ɓare masa! Addu'a biyu ke kai-kawo a ƙirjina. Ta fili, Allah ka sauko mini da shi lafiya, ko da hannuwana za a ɗauka a madadi. Ta ƙarƙashi kuwa, wadda ban bari ta iso leɓena ba, a ce birkin ya ɗan yi laushi a kwanar ƙarshe, ɗan kaɗan, inda ba rami, yadda za su sauko fuska a murtuke su ce ai Mu'allim Garba ya faɗa. Ina yin ta farkon da ƙarfi don ta danne ta biyun. Kishi ba shi da hankali, ban kuma ce ku yaba mini ba.

Bayan la'asar muka ji kukan injin kafin mu gan ta. Ta fito daga kwanar ƙarshe, ta miƙo kan gahawa, ta tsaya cak a gabanmu ba ko ƙara. Bakur ba ƙyalle, iska ta tafi da shi, sanƙonsa ya yi ja, kwandon furen wardi a cinya wai tsarabar innarku, yana dariya yana hawaye yana ta kabbara. Da ƙyar aka zaro shi. Ya kama kan yayanku da hannu biyu ya sumbaci goshinsa, ya ce daga yau ya tabbata mu'allimi. Yayanku bai kula shi sosai ba a lokacin, wannan zan faɗa don gaskiya. Ni yake kallo. Na zagaya motar, na kai bayan hannuna kusa da kowace ƙafa in ji zafinsu, daidai suke. Na leƙa famfon, a bushe, ko ɗigo babu. Na taka, yana nan yadda na bar shi. Na ɗago, kowa ya zuba mini ido, har da shi. Na so in faɗi maganar. Amma Bakur ya riga ni, in na faɗa yanzu na zama ɗan amshinsa, ga kuma mutane.

"Bai ɓaci ba," na ce. "A wanke ta kafin a ba mai ita."

Ya ce to, Baba. Ya ari bokitin mai gahawa ya tafi ɗiban ruwa.

Bai bar ni a ranar ba, bai bar ni a watan ba. Sai da aka gama aikin hajji, kasuwa ta lafa, ya aiko innarku ta roƙar masa izini zai koma Rusaifa ya koyi injin ƙarfe sosai, don can aikin gaba ya nufa. Gaskiya ne kuwa, can ya nufa. Na ce ya je, Allah ya yi albarka. Ba wanda ya ɗaga murya a gidanmu. Ba a sace shi ba, ba a kore shi ba, duk wanda ya gaya muku haka ya so bakinsa da motsi ne. Duk Juma'a yana zuwa ya sumbaci hannuna ya zauna, in tambaye shi aiki ya ce alhamdu lillahi, mu yi shiru har shayi ya ƙare, yadda kuke gani har yau. Bakur ya tsaya masa a kan takardun zama, ya sa shi a kanti, daga baya ya sakar masa komai. Ni kuma bai taɓa yi mini rashin mutunci ba, kowace salla sai ya aiko da yadi da turare. Da ma mugu ne, da na sami abin riƙewa. Mutumin kirki ne, shi ya sa ban taɓa iya son sa ba. Famfon tashlih kuwa na ɗaura wa wata tasi daga baya, ya yi aiki har motar ta mutu ta bar shi. Kada wani ya ce muku nawa ne mara kyau.

Da Bakur ya rasu aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Ma'ala. Ba ɗa, 'yan uwansa duk tsofaffi ne. Aka tsaya ana duban wanda zai shiga ramin ya karɓe shi. Ba wanda ya ce wa yayanku komai. Ya cire takalmansa ya sauka. Ina tsaye a baki da sandata, ina kallon yadda ya tallabe shi, ya kwantar da shi a hankali, ya gyara masa kai wajen alƙibla, ya kwance ɗaurin likkafani, ya daɗe a durƙushe yana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa. Mutane suka ga hawaye a fuskata suka ce ashe Mu'allim Garba na son Bakur haka. Na ƙyale su. Kishin gawa nake yi.

Abin da ya sa na ja ku wannan dogon zance ke nan. Kuna da yawa, Allah ya yi muku albarka, kuma na san ranar tawa kowannenku zai so ya riga ɗan uwansa sauka. Ku dakata wa yayanku. Mai yiwuwa ya tsaya a baya, ya ɗauka ba shi nake so ba. Ku matsa ku ba shi hanya, ku ce ni na ce. Juma'ar da ta wuce ya zo, muna shan shayi mu biyu, na buɗe baki zan gaya masa da kaina, sai na ji ina tambayarsa yaya kasuwa.